Hoton Haske Da Launi: Darasi Daga Kabarin Tafawa Ɓalewa A Bauchi

Duk wanda ya taɓa ziyartar kabarin Firayim Ministan Nijeriya na farko, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, a birnin Bauchi, ya san cewa duhu ne ke fara tarbar baƙo. Daga bakin ƙofa mutum zai shiga wani dogon lungu da sai ya ɗan dakata kafin idonsa ya saba. Can gaba sai ya ga haske ya tsargo ta jikin ginin, sannan duhu ya sake rufe shi, kafin ya hau matakala ya fito wani fili da babu rufi a samansa, inda bango ke ɗauke da launuka iri-iri, kabarin kuma yana nan a tsakiya.

Masu yi wa baƙi jagora a wurin kan bayyana cewa duhun yana nuni ne da wahalar zamanin mulkin mallaka, hasken da ke kutsowa kuma fatan samun 'yanci ne. Launukan bangon suna wakiltar ƙabilun Nijeriya, buɗaɗɗen saman kuwa yana nuna sauƙin kai da buɗaɗɗiyar zuciyar marigayin. An fara ginin a 1977, aka buɗe shi a 1979, shekara 13 bayan kisan Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin watan Janairun 1966.

Abin lura shi ne, waɗanda suka tsara ginin ba su nemi taimakon gunki ko siffar fuska ba wajen ba da wannan labari. Fuskar marigayin tana jikin takardar naira biyar, hotunansa da kayayyakinsa kuma suna ɗakin tarihin da ke harabar. Amma a hanyar zuwa makwancinsa, haske da duhu da launi kaɗai aka bar wa aikin magana, kuma baƙi suna fahimta.

A kan wannan turba wani reshe na fasahar ɗaukar hoto ya ginu, wanda ya haura shekara 100 a duniya, amma har yanzu da yawa daga cikin masu kallo a ƙasar nan suna ɗaukarsa a matsayin hoton da ya lalace.

Wane irin hoto ne wannan?

A wurin yawancin mutane, hoto shaida ne. Ana ɗaukarsa don katin shaida ko fasfo, don tunawa da biki ko suna, ko don tabbatar da cewa wani abu ya faru. Tambayar farko da mai kallo kan yi ita ce: wane ne wannan, ko ina ne nan?

Hoton haske da launi, wanda Turawa ke kira "abstirak", ba ya amsa wannan tambaya. Mai ɗaukarsa yakan kawar da kai daga sunan abin da ke gabansa, ya mai da hankali kan yadda haske ya sauka a kansa, da launin da ya fito, da layi ko inuwar da ta samu. Zai iya kasancewa tsatsa ce a jikin kwanon rufi, ko ƙyallin rana a kan ruwan Madatsar Gubi, ko fitilun Keke Napep da dare a shataletalen Wunti. Idan hoton ya fito, ba lallai ne mai kallo ya gane kwano ko ruwa ko keke ba. Abin da zai gani shi ne ja da ya ratsa baƙi, ko zaren haske da ya lanƙwasa.

Wannan bai saɓa wa asalin sana'ar ba. Kalmar "hoto" kanta ta samo tushe ne daga kalmar Girkanci da ke nufin haske, kuma cikakken sunan sana'ar a harsunan Turai yana nufin rubutu da haske. Kyamara ba ta taɓa ɗaukar mutum ko doki ba. Hasken da ya daki jikinsu ya dawo ne take adanawa.

Wanda ya fara tabbatar da wannan a ilmance shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa "Kitabul Manazir" ya nuna cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin ra'ayin wasu magabata da ke cewa ido ne ke fitar da haske. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, wanda shi ne kakan kyamarar yau. Duk yaron da ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin soro, ya ga sandar haske ta shigo ta hujin ƙofa ƙura tana rawa a cikinta, ya ga somin wannan ilimi da idonsa.

Yadda fasahar ta faro

Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara kuma yake nan har yau shi ne wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826 zuwa 1827. Tun daga lokacin, kusan shekara 90 masu ɗaukar hoto suka yi suna gasar fito da siffar abu daidai yadda yake.

A 1917 ne wani Ba'amurke mazaunin Ingila, Alvin Langdon Coburn, ya haɗa madubai uku ya ɗora a gaban kyamararsa, ya ɗauki guntayen gilashi da katako. Madubin suka farfasa siffofin suka maimaita su, har ba a iya gane asalinsu. Ya baje hotunan a Landan a shekarar, kuma masana tarihi suna lissafa su cikin na farko a wannan fanni.

A farkon shekarun 1920, Man Ray a birnin Faris da László Moholy-Nagy, ɗan ƙasar Hangari da ya koyar a makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus, suka ajiye kyamarar gaba ɗaya. Sukan shiga ɗakin wanke hoto, su ɗora abubuwa kamar mataji ko waya ko gilashi a kan takardar hoto, su kunna fitila na ɗan lokaci. Inda haske ya taɓa sai ya yi baƙi, inda abu ya tare sai ya zauna fari.

A daidai wannan lokaci, Alfred Stieglitz a Amurka ya ɗaga kyamararsa sama ya shafe shekaru yana ɗaukar gajimare, akasari ba tare da ƙasa ko bishiya a cikin hoton ba. Manufarsa ita ce nuna cewa hoto zai iya isar da abin da ke zuciya ko da babu wani fitaccen abu a cikinsa. Daga shekarun 1940 kuma Aaron Siskind ya riƙa matsawa kusa da tsofaffin bango yana ɗaukar fentin da ya ɓaɓɓake.

Launi ya shigo daga baya. Ernst Haas, haifaffen Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya shahara da barin ƙofar kyamara a buɗe na ɗan lokaci domin motsi ya koma shafin launi. A 1962 Gidan Adana Fasahar Zamani na birnin New York ya baje hotunansa masu launi. A 2018 kuma gidan Tate Modern na Landan ya shirya babban baje koli kan cikar wannan fanni shekara 100.

Daga ina launi yake fitowa?

Wanda zai yi aiki da launi sai ya san asalinsa. A wajen 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Hakan ya nuna cewa farin haske taron launuka ne. Ganyen dogon yaro yana bayyana kore ne saboda ya shanye akasarin sauran launukan ya dawo wa ido da kore.

A 1861 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya nuna a Landan cewa da haske kala uku, wato ja da kore da shuɗi, za a iya haɗa hoto mai launi. Har gobe a kan wannan ƙa'ida allon waya da talabijin suke aiki. Haɗin haske kuwa ya bambanta da haɗin fenti: idan aka haɗa hasken ja da na kore rawaya ake samu, idan aka haɗa ukun duka sai a samu fari.

A cikin akasarin kyamarorin waya akwai wani ƙaramin faranti mai miliyoyin ɗigogi masu jin haske, kowanne an rufe shi da matatar launi guda. Rabinsu kore ne, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Daga nan kwamfutar da ke cikin wayar take lissafa sauran launukan. Ke nan duk hoton da aka ɗauka da waya, har da na katin shaida, ɗigogin haske ne da aka harhaɗa.

Launin haske kuma yana sauyawa da lokaci. Da hantsi da la'asar sakaliya rana tana ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ja da ruwan goro su rage. Da tsakar rana kuwa, a gari kamar Bauchi da ke kusa da tsakiyar duniya, rana kan tsaya kusan a tsakiyar ka, inuwa ta gajarta ta yi kaifi. A lokacin hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana tace hasken: inuwa ta yi laushi, launuka su dusashe, rana ta koma kamar faifan azurfa. Hazon da direba ke kuka da shi, mai ɗaukar hoto yana iya samun abin aiki a cikinsa.

Baƙon abu ne a ƙasar Hausa?

Masu cewa wannan fasaha ta Turawa ce zalla ba su duba abin da ke kewaye da su ba. Ado a ƙasar Hausa tun asali ya fi karkata ga zane marar siffar mai rai. Dagin Arewa ba hoton komai ba ne, amma kowa ya san abin da yake nufi. Haka aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen ƙwarya, da saƙar faifai da tabarma, da zanen lalle a hannun amarya, da ɗinkin hula. Babu mai sayen hula da ke tambayar maɗinki ko hoton mene ne a jikinta. Yakan duba yadda zare ya dace da zare, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A gine-gine ma haka abin yake. A garin Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa da ke arewa da birnin Bauchi, akwai Gidan Madaki, wanda shahararren magini Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina wajen 1860. Shi ne ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. An ayyana gidan a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin irin waɗannan soraye, magina suna kiransu bakan gizo, sunan da aka aro daga haske da launi. Ƙananan tagogin da ake bari a sama kuma sukan jefo haske kan bakan, ya riƙa tafiya a jikinsa daga safe zuwa yamma.

Marina ma sun daɗe da sanin sirrin launi. A karofin Ƙofar Mata da ke Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zane yakan fito daga ramin baba da ɗan kore-kore, sai iska ta taɓa shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Akwai wata tsohuwar hanyar yin hoto ba da kyamara ba da ke ba da irin wannan shuɗi, wadda John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Ana shafa wa takarda ko yadi ruwan gishirin ƙarfe kala biyu, a ɗora ganye a kai, a shanya a rana, sannan a wanke da ruwa. Da ita Anna Atkins ta wallafa littafin tsirran teku a 1843, wanda ake ɗauka shi ne littafi na farko da aka ƙawata da hotuna. Rana da ruwa kawai hanyar ke buƙata bayan sinadarin, don haka makarantun sakandare za su iya koyar da ita ba tare da wutar lantarki ba.

A Nijeriya, marigayi J.D. Okhai Ojeikere ya nuna yadda kyamara ke iya mai da abin yau da kullum ya zama zane. Daga 1968 ya ɗauki kusan hotuna 1,000 na kitson mata, akasari ta ƙeya, inda fuska ba ta fitowa sai layin kitso da tsagarsa. An baje su a babban bikin fasaha na birnin Benis na ƙasar Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa.

Akwai kuma wani fa'ida ga al'ummar da wasu daga cikinta ke ƙyamar rataya hoton mai rai a ɗaki saboda dalilin addini. Hoton inuwar taga ko na ƙyallin ruwa ba ya cikin abin da ake taƙaddama a kai, don haka yana iya shiga gidajen da wani hoton ba zai shiga ba.

Yadda ake ɗaukarsa

Hanya ta farko ita ce matsawa kusa. Idan aka cika hoto da tafin hannu guda na tsohuwar ganuwa, ko na tulin barkono da tattasai a Kasuwar Muda Lawal, sunan abin yakan ɓace, launinsa da kaushinsa su rage.

Hanya ta biyu ita ce wasa da lokaci. Kyamara tana buɗe ƙofarta ne na ɗan ƙanƙanin lokaci. Idan ta buɗe na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, dokin da ke sukuwa a hawan sallah zai tsaya cak a hoto. Idan aka bar ta a buɗe na rubu'in daƙiƙa ko rabi, dokin zai narke, jan alkyabba da farin rawani da koren jalala su zama ratsin launi a cikin ƙura. Wayoyi da yawa na yanzu suna ba da damar sauya wannan lokaci a sashen saitin ƙwararru.

Hanya ta uku ita ce neman abin da ke mayar da haske ko karya shi, kamar ruwa da gilashi da goran ƙarfe. Ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari, mai ɗumin kusan digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, garau yake har ana ganin yashin ƙasansa, kuma idan rana ta ratsa shi takan zana raga mai motsi a kan yashin.

Hanya ta huɗu ita ce kawar da saitin ido da gangan, har fitilun titi su koma ƙwallayen launi. A nan ne ake yawan yi wa fannin kallon hoton da ya lalace. Bambancin shi ne niyya da zaɓi. Wanda hannunsa ya girgiza bisa kuskure bai san abin da zai fito ba. Gwani kuwa zai iya komawa wuri ɗaya kwana bakwai a jere yana jiran rana ta kai wani gurbi, ya ɗauki hotuna 200, ya zubar da duka sai ɗaya.

Akwai ladubban da ya kamata a kiyaye. Kabari wurin addu'a ne, don haka sai an nemi izinin masu kula da shi. Ba a ɗaukar hoto a wuraren tsaro, ba a ɗaukar mutane ko kayan sayarwarsu ba da saninsu ba, kuma ba a kallon rana kai tsaye ta cikin gilashin kyamara domin tana iya lahanta ido.

Iyakar da ke tsakanin fasaha da yaudara

Tunda wannan fanni ya halatta sauya kamannin abu, dole a ja layi tsakaninsa da hoton labari. Hoton jarida amana ne, ba a ƙara masa ba a rage masa. A 2015 masu shirya gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, sun kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an yi musu kwaskwarimar da ta wuce ƙa'ida.

Mai fasaha yana da 'yancin da ɗan jarida ba shi da shi, amma da sharaɗin ya faɗi gaskiyar yadda ya yi aikin. Batun ya ƙara zafi da zuwan ƙirƙirarriyar basira. A watan Afrilun 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar lambar da ya ci a gasar hotuna ta duniya ta Sony, yana mai bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton, babu hasken da ya taɓa shiga kyamara. Ga mai ɗaukar hoton haske da launi, wannan shi ne ma'aunin: hasken ya taɓa kasancewa a wani wuri, a wani lokaci, kuma shi yana tsaye a wurin.

Abin da ya rage a yi

Fannin yana da kasuwa a duniya. A watan Nuwamban 2011 an sayar da hoton "Rhein II" na Andreas Gursky, wanda ratsin toka-toka da kore ne kawai na kogi da ciyawa da sama, a kan dala miliyan 4.3 a wani gwanjo a New York. Irin wannan farashi na 'yan ƙalilan ne, kuma bai kamata matashi ya shiga sana'ar da wannan lissafi ba. Kasuwar da ta fi kusa ita ce ta otal-otal da ofisoshi da asibitoci masu neman abin ƙawata bango, da masu buga littattafai masu neman bangon littafi, da masu zanen atamfa.

Dandalin baje koli ma akwai su a nahiyar. Bikin hotuna na Bamako a ƙasar Mali yana gudana tun 1994, na LagosPhoto kuma tun 2010. Abin da ake buƙata shi ne matasan Arewa su riƙa kai nasu aikin, kuma manyan makarantu irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, tare da hukumomin raya al'adu na jihohi, su samar musu da bangon da za su rataya shi.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Gidajen ƙasa masu zane suna rushewa a kowace damina, siminti yana maye gurbinsu, ramukan rini da yawa sun bushe. Hoton da ya tsaya a kan zanen bango guda, ko a kan yadda hasken la'asar ke sauka a bakan gizon wani tsohon soro, yana adana abin da hoton gidan gaba ɗaya ba zai nuna ba.

Matashin Bauchi da ke son gwada hannunsa ba ya buƙatar tafiya nesa ko sayen kyamara mai tsada. Zai iya zuwa kabarin Tafawa Ɓalewa da hantsi, ya yi wa marigayin addu'a, ya nemi izini, ya lura da inda haske ya sauka a bangon. Idan ya dawo da la'asar zai tarar hasken ya koma wani gefe, launukan kuma sun sauya, kuma daga wannan bambanci ne darasin farko yake farawa.